Shiru a akwatin rediyo: yadda tashoshi ke cike gurbi idan layi ya katse

A cikin watan Maris na shekarar 2025, masu sauraron Sashen Hausa na Muryar Amurka a arewacin Nijeriya sun kunna akwatunansu a lokacin da suka saba, amma maimakon labaran duniya sai suka ji kiɗa zalla.

Gwamnatin Shugaba Donald Trump ce ta dakatar da ma'aikatan tashar, aka bar kiɗa yana cike gurbinsu. Kamfanin dillancin labarai na AFP ya ruwaito cewa har wani mai sauraro ya tambayi ɗaya daga cikin wakilan tashar ko juyin mulki aka yi a Amurka.

Wannan lamari dai siyasa ce ta haddasa shi, to amma ya fito da wata matsala da kowane gidan rediyo ke fuskanta, babba ko ƙarami, wato abin da za a sa wa jama'a a daidai lokacin da muryar da suke jira ta kasa isowa.

Matsalar ta shafi wurare irin su Samaru da Sabon Garin Zariya kai tsaye. A Samaru ne babbar harabar Jami'ar Ahmadu Bello take, tare da tasharta ta FM inda ɗaliban aikin jarida ke samun horo. A nan ne kuma cibiyar faɗakar da manoma ta ƙasa, NAERLS, take, wadda ta daɗe tana shirya wa manoma shirye-shiryen rediyo. Ga kuma tashar Queen FM ta gwamnatin jihar Kaduna a Zariya, baya ga tashoshin Kaduna da ake kamawa a yankin.

Mai sauraro a waɗannan wurare ba ya ganin wayoyi da na'urorin da ke tsakaninsa da mai gabatar da shiri. Sai ran da ɗayansu ya katse yake sanin da zamansu.

Daga bakin mai magana zuwa eriya

Gidan rediyo yana da ɓangare biyu. Akwai ɗakin gabatar da shirye-shirye inda ake magana, akwai kuma na'urar watsawa da doguwar eriyarta, wadda ke cilla sautin zuwa akwatunan jama'a.

A ƙananan tashoshi akan sami ɓangarorin biyu a harabar gini guda, waya ce kawai ke haɗa su. A manyan tashoshi kuwa, tazarar kan kai kilomita da dama.

Misali, gidan Rediyon Tarayya na Kaduna, wanda asalinsa gidan rediyo da talabijin ne na Gwamnatin Jihar Arewa da aka buɗe a 1962, ɗakunan shirye-shiryensa na cikin garin Kaduna, amma a Jaji, kan hanyar Kaduna zuwa Zariya, aka girka manyan na'urorinsa na gajere da matsakaicin zango.

Ana cike irin wannan tazara ne ta hanyar wani siririn zangon rediyo da ake harbawa daga wannan hasumiya zuwa waccan, ko ta wayar sadarwa ta fayiba da ake binnewa a ƙasa, ko kuma ta intanet.

Bayan wannan layi, akwai layukan da ke kawo shiri daga waje zuwa cikin tasha. Labaran ƙasa na Rediyon Tarayya daga Abuja suke zuwa. Shirye-shiryen kafofin ƙetare kan zo ta tauraron ɗan'adam. Tafsirin watan Ramadan da huɗubar Juma'a da sharhin wasan ƙwallo kuwa, galibi a yau ta layin wayar salula ake turo su daga masallaci ko filin wasa.

Mai sauraro na iya gane inda matsala take da kunnensa. Idan akwatin FM ya kama shuu kamar ana zuba yashi, to na'urar watsawa ce ta mutu, sau da yawa saboda ɗaukewar wuta. Idan kuwa ya yi tsit babu ko ƙara, to na'urar na aiki, sautin ne bai iso gare ta ba.

Wannan shiru na biyu shi ne wanda ake iya magancewa da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba.

Abubuwan da ke yanke layi

Dalilan katsewar layi a wannan yanki suna da yawa, kuma 'yan shekarun nan sun nuna misalansu.

Ranar 14 ga watan Maris na 2024, manyan wayoyin intanet guda huɗu da ke shimfiɗe a ƙarƙashin teku, wato WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, sun lalace a gaɓar ƙasar Kodebuwa. Intanet ya yi rauni ainun a Nijeriya da Ghana da wasu ƙasashen Afirka ta Yamma, kuma an ɗauki makonni kafin a kammala gyara.

A watan Satumba na 2021, hukumomi sun rufe layukan wayar salula a jihar Zamfara saboda yaƙi da 'yan bindiga, daga baya matakin ya shafi wasu sassan jihohin Katsina da Sakkwato da Kaduna. Sai a ƙarshen watan Nuwamba aka maido da layukan a jihar Kaduna.

A watan Oktoba na 2024 kuma, akasarin jihohin arewa sun shafe fiye da mako guda cikin duhu, bayan da aka lalata babban layin wuta na Shiroro zuwa Kaduna, sannan layin da ke tasowa daga Inugu ta Makurɗi shi ma ya sami matsala. Duk inda wuta ta daɗe ba ta dawo ba, turakun kamfanonin waya su ma sai sun dogara kacokan ga man dizal da batura.

Akwai kuma ƙananan dalilai na yau da kullum. Masu aikin hanya kan tsinke wayar fayiba da motar haƙa. Ruwan sama mai ƙarfi na damina kan raunana saƙon tauraron ɗan'adam, musamman ga masu amfani da ƙananan faranti. Tsawa kan faɗa wa hasumiya.

Har ila yau, sau biyu a shekara, wajen watan Maris da wajen watan Satumba, rana kan daidaita a bayan tauraron ɗan'adam idan aka duba daga inda farantin yake. Ƙarfin da ke fitowa daga gare ta sai ya danne saƙon na 'yan mintoci a kullum, har tsawon wasu kwanaki. Wannan ita ce katsewar da injiniyoyi ke iya lissafa ranarta da sa'arta tun kafin ta zo.

Na'urar da ke sauraron shiru

A zamanin da, maganin katsewar layi yana hannun mutum. Ma'aikacin da ke bakin aiki kan ajiye faifai ko kaset a gefensa, da ya ji shiru sai ya sa, daga bisani mai sanarwa ya nemi afuwar masu sauraro bisa tangarɗar na'ura.

Wannan tsari yana aiki muddin mutumin yana zaune a wurin, kuma matsalar daga waje take. Idan layin da ke tsakanin ɗakin shirye-shirye da na'urar watsawa ne ya katse, duk abin da aka sa a ɗakin ba zai fita ba.

Shi ya sa ƙa'idar farko ita ce a ajiye shirin ko-ta-kwana a gindin na'urar watsawa, ta yadda babu wani layi tsakaninsu da zai iya katsewa.

Abin da ke yin aikin a yau wata 'yar na'ura ce da ke auna ƙarfin sautin da ke shigowa ba dare ba rana. Ana sa mata iyaka biyu: ƙarfin sautin da idan aka yi ƙasa da shi za ta ɗauka shiru ne, da kuma yawan daƙiƙoƙin da za ta jira. Da zarar shirun ya wuce wa'adin, sai ta juya ga sautin da aka adana a cikinta.

Kamfanoni irin su Barix na ƙasar Suwizalan da DEVA Broadcast na Bulgeriya suna ƙera na'urori masu wannan aiki. Akwai kuma manhajojin kwamfuta na kyauta, irin su Liquidsoap da Icecast, waɗanda ake iya jera musu hanyoyin sauti bi da bi: idan ta farko ta faɗi su koma ta biyu, idan ita ma ta faɗi su koma kan abin da aka adana.

Wurin ajiya ba matsala ba ne. Sautin MP3 mai matsakaicin inganci yana cin kimanin megabayit ɗaya a minti guda, wato gigabayit ɗaya na ɗaukar shirin sa'o'i 17. Ɗan katin ajiya irin na wayar salula da ake sayarwa a kasuwar Sabon Gari zai iya riƙe shirye-shiryen kwanaki.

Ga gajerun katsewa na intanet kuwa, akwai wata dabarar. Na'urar karɓa takan tara sautin 'yan daƙiƙoƙi kafin ta fara sakinsa, kamar yadda ake tara ruwa a tanki, ta yadda idan famfo ya ɗan ɗauke ba za a ji a gida ba. Illar hakan ita ce jinkiri. Idan tarin ya yi yawa, shirin da ake buga waya kai tsaye sai ya rikice, domin mai tambaya da mai amsa za su riƙa cin karo.

Wasu na'urorin ɗauko shiri daga waje suna amfani da layukan kamfanonin waya biyu ko fiye a lokaci guda. Hakan na taimakawa idan kamfani ɗaya ne ya sami matsala, amma ba ya hana komai idan an rufe layukan yanki baki ɗaya, kamar yadda aka yi a 2021.

Shirun da aka yi da gangan

Babbar wahalar ita ce na'ura ba ta san dalilin shiru ba.

A watan Janairu na 2004, tashar BBC Radio 3 ta watsa wani aikin mawaƙin Amurka John Cage kai tsaye daga London, wanda a cikinsa makaɗa ke zama minti huɗu da daƙiƙa 33 ba tare da sun kaɗa komai ba. Sai da injiniyoyin tashar suka kashe na'urarsu ta ko-ta-kwana, don kada ta ɗauka layi ne ya katse ta sako kiɗa.

Tashoshin ƙasar Hausa na da irin wannan shiru a kowane mako. Liman kan zauna tsakanin huɗuba ta farko da ta biyu. A cikin salla akwai ruku'u da sujada da zaman tahiya, inda ba a ɗaga murya. Mai jan baƙi kan numfasa tsakanin ayoyi, malami kan tsaya ya buɗe littafi.

Idan aka gajarta wa'adin na'urar ya zama daƙiƙa biyar, to tana iya kutsowa tsakiyar salla. Idan aka tsawaita shi ya kai minti guda, mai sauraro ya riga ya murɗa akwatinsa zuwa wata tasha.

Don haka babu adadi guda da ya dace da kowane shiri. Shirin kiɗa da tallace-tallace na iya ɗaukar gajeren wa'adi, shirin masallaci kuwa na buƙatar mai tsawo. Wata hanyar ita ce a ajiye makirfo guda da ke ɗauko motsin jama'a a cikin masallacin, domin na'urar ta san layin na nan da rai.

Akwai kuma akasin haka. Wani lokaci layi kan lalace amma bai yi shiru ba, sai dai ya riƙa ƙugi ko sautin ya riƙa yankewa gutsi-gutsi. Na'urar da ƙarfin sauti kawai take aunawa za ta ɗauka lafiya lau ne. Sabbin na'urori na duba yawan saƙon da ke ɓacewa a hanya, amma har yanzu kunnen mutum ne alƙali na ƙarshe.

Me ya kamata a sa?

Hausawa na cewa shiru ma magana ce. A tarihin Nijeriya da Nijar, abin da ya biyo bayan shiru a rediyo ya sha zama babban labari.

Ta gidan rediyon Kaduna ne Manjo Chukwuma Nzeogwu ya yi jawabinsa ranar 15 ga Janairun 1966, ranar da aka kashe Sardaunan Sakkwato, Sa Ahmadu Bello. Ta gidan rediyon Legas ne Laftanar Kanar Buka Suka Dimka ya yi nasa ranar 13 ga Fabrairun 1976 bayan kisan Janar Murtala Muhammad, haka ma Manjo Gideon Orkar ranar 22 ga Afrilun 1990.

A Yamai ma, ranar 18 ga Fabrairun 2010, gidan rediyon gwamnati ya katse shirye-shiryensa ya sa kiɗan soja, kafin a sanar da kifar da gwamnatin Shugaba Mamadou Tandja.

Wanda ya rayu a waɗannan shekaru, in ya ji labarai sun tsaya an sako kiɗan badujala, ya san abin da zuciyarsa za ta raya masa. A zamanin WhatsApp kuwa, kafin injiniya ya gano wayar da ta tsinke, jita-jita ta riga ta zaga gari.

Saboda haka abu na farko da ya kamata ya fito daga na'urar ko-ta-kwana shi ne murya: sunan tashar, da bayanin cewa an sami tangarɗar na'ura, da alkawarin komawa kan shiri da zarar an gyara. A gari irin Sabon Gari, inda Hausawa da Yarbawa da Ibo da sauran ƙabilu ke zaune tare, da Samaru mai ɗalibai daga kowane sashe na ƙasa, sanarwar na buƙatar Hausa da Ingilishi. Ya kamata kuma ta riƙa maimaituwa bayan kowane 'yan mintoci, domin wanda ya kunna akwatinsa daga baya.

Abu na biyu shi ne dacewa da shirin da ya katse. Waƙar soyayya ta fim da ta faɗo tsakiyar tafsiri za ta jawo wa tasha fushin da shirun kansa ba zai jawo ba. Haka nan waƙar biki a tsakiyar sanarwar rasuwa. Na'urori da manhajoji da dama na ba da damar a ware abin da za a sa gwargwadon sa'a da rana, ta yadda ajiyar da za ta fito da azahar ɗin Juma'a ta bambanta da ta daren Asabar, ta safiyar Lahadi ma ta dace da masu sauraron shirin coci.

Abu na uku shi ne guje wa duk abin da ke da alaƙa da lokaci. Bai kamata a sami kiran salla a cikin shirin ajiya ba. A watan azumi mutane da yawa da rediyo suke shan ruwa, kuma kiran sallar magariba da ya fito minti goma kafin faɗuwar rana ba ƙaramar ɓarna zai yi ba. Haka batun sanarwar ganin wata, da faɗin ƙarfe nawa, da tsofaffin labarai, da farashin kayan kasuwa.

Shirye-shiryen noma ma na cikin wannan sahu. Cibiyar binciken aikin gona ta IAR da ke Samaru, wadda tushenta ke komawa ga shekarar 1922, ita ce ta fitar da irin masara na SAMMAZ da na wake na SAMPEA da na gyaɗa na SAMNUT, kuma kowace shawara kan shuka su ko zuba musu taki tana da lokacinta. Shirin da aka naɗa a farkon damina, idan ya fito a watan Agusta ba tare da bayani ba, yana iya sa manomi asara.

Abin da ya fi dacewa da ajiya shi ne wanda ba ya tsufa: tarihin garuruwa da masarautu, wasan kwaikwayo, bayanin tsafta da kiwon lafiya, darussan harshe. Bugu da ƙari, tasha na buƙatar tabbatar da cewa tana da izinin watsa duk abin da ta adana.

Komawa kan shiri

Fita daga shirin ajiya ya fi shigarsa wuya.

Layin da ya katse ba kasafai yake dawowa gaba ɗaya ba. Yakan dawo na daƙiƙa uku ya sake ɗaukewa. Idan na'urar na bin sa duk inda ya juya, mai sauraro zai riƙa jin rabin kalma daga nan, rabin kiɗa daga can. Maganin wannan shi ne a umarci na'urar kada ta koma sai layin ya tsaya da ƙafarsa na wani lokaci, kamar rabin minti ko fiye.

Sannan akwai yadda ake sauyawar. Maimakon a datse sauti ɗaya a ɗora wani, akan rage na farko a hankali yayin da na biyu ke tasowa, cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu. Wajibi ne kuma a daidaita ƙarfin sautin ajiya da na shirin yau da kullum tun da wuri, don kada wanda ya ƙure murya yana sauraron malami ya ji kiɗa ya fashe masa a kunne.

A shirye-shiryen addini da na labarai, ya fi kyau mai sanarwa ya shigo tsakani ya faɗi inda aka kwana, maimakon a faɗa tsakiyar aya ko tsakiyar jumla. Tashoshin da ke naɗar shirin a can inda ake yinsa suna iya maimaita shi cikakke daga baya.

Wuta da ma'aikata

Duk wannan tsari ba shi da amfani idan na'urar ko-ta-kwana ta mutu tare da sauran kayan aiki a lokacin da aka ɗauke wuta. Ita kanta ba ta cin wuta fiye da ƙwan fitila, don haka ƙaramin batir da inbata sun ishe ta. Na'urar watsawa ce mai ci, kuma ita ma tana buƙatar abin da zai riƙe ta tsakanin ɗaukewar wuta da tashin janareta.

Tun bayan da farashin dizal ya ninka fiye da sau biyu a 2022, batun wuta ya zama babban abin da ke cin kuɗin gidajen rediyo a Nijeriya, abin da ya sa wasunsu suka fara karkata ga wutar hasken rana.

Akwai kuma wani haɗari da ingancin tsarin kansa ke haifarwa. Idan sauyawar ta yi sumul ƙwarai, ma'aikata na iya ci gaba da magana a ɗaki na tsawon sa'a guda ba su san cewa ba a jin su ba. Don haka ne ake son a riƙa sauraron tasha daga akwatin rediyo na gaske a cikin ɗakin, kuma a saita na'urar ta aika wa injiniya saƙon tes ko ta kunna ƙararrawa da zarar ta fara aiki.

Rubuta lokacin da aka katse da lokacin da aka dawo shi ma wajibi ne, domin 'yan kasuwa da masu ɗaukar nauyin shiri sun biya kuɗin mintocin da ba a watsa ba, kuma haƙƙinsu ne a rama musu.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Hanya ɗaya tak ta sanin ko shirin ko-ta-kwana na aiki ita ce a zare wayar da gangan, a lokacin da masu sauraro ba su da yawa, a ga abin da zai fito, a kuma riƙa sabunta abin da aka adana kafin azumi da kafin damina.

Ga ɗaliban da ke koyon aikin a Samaru, waɗanda gobe za su riƙe tashoshin Kano da Katsina da Gusau da Sakkwato, wannan gwaji na minti biyar na daga cikin darussan da za su fi buƙata a bakin aiki.